Dutsen da Muka Kai Lambun Kaka

Laraba, Nguru

Abin da na fara gani da jirgi ya tsaya a tashar Nguru shi ne ƙarti huɗu suna kinkimar wani abu mai faɗi, an naɗe shi da buhu an ɗaure da igiya. Bai kai tabarmar salla tsawo ba, amma jijiyoyin wuyansu duk sun tashi. Wani farin tsoho mai 'yar baƙar hula yana biye da su, hannunsa a kan kayan kamar mai rakiyar majinyaci. Buhun ya yage a kusurwa ɗaya, sai na hango abin da ke ciki. Dutse ne, an goge shi sumul, da rubutu a jikinsa. Ba boko ba ne, ba kuma ajami ba. Haruffan a tsaitsaye suke kamar ƙananan ƙofofi.

Malama ta ce kowace ta rubuta yadda ta yi tafiyar hutu. Kun san ni da rashin magana, to ga nawa a takarda. Waɗanda kuma suka dame ni da tambayar abin da ya saɓule mini fatar yatsa, amsarsu tana ciki.

Tun asuba muka baro Kano, jirgi ya yini yana tsaye-tsaye, sai bayan la'asar muka iso. Tsohon nan da wani saurayi siriri a Kano suka shiga. A Malam Madori wani irinsu ya hau, suka rungume juna, ba wanda ya yi dariya.

Kawu Modu, ƙanen mahaifiyata, shi ya zo tarbata. Direba ne, yana tuƙa babbar motar wani mai kanti da ake kira Yakubu. Mutane duk Kwarori suke ce wa fararen fatake, amma Kawu ya ce Yakubu Bayahude ne, iyayensa daga Tarabulus suka zo.

"'Yar boko an sauka!" in ji Kawu. "Yagana, ba sa ba ku tuwo ne a can? Gobe kin yi sa'a, motata Gashua za ta. Amma ba gyaɗa zan ɗauka ba, mutane ne."

A gidansa na kwana. Matarsa Inna Zara ta yi burabusko da miyar kuka da bandar kifi. Ina cikin ci ta ce, "Ba ka gaya mata ba ke nan?"

Kawu ya yi kamar bai ji ba.

"An kafa turaku a lambun Kakarki," ta ce da ni. "Masu jan ƙyalle, a jere, ta tsakiyar albasa. Ba wanda ya ce mata komai. Sai kuma ga Yahudawa suna ta sauka daga ko'ina da dutse mai rubutu. Ke da kika yi karatu, ki auna."

"Haba, mace! Dutsen na kabarin Haruna ne. Yakubu da bakinsa ya gaya mini."

"Kabari? Ubanka da nawa suna kwance, wa ya rubuta musu dutse? Tudun ƙasa da fasasshiyar tukunya, shi ke nan. A garin nan sau nawa ka ga dutse mai rubutu? Lokacin da za a yanka filin kantuna shi aka fara kafawa a kusurwoyi. Washegari masu gonaki suka kwashe fartanyoyinsu. An ce baƙo raɓa ne, to wanda ya zo da dutse ba shirin tafiya yake ba."

Ya kamata in gaya muku abu biyu. Kaka ce ta rene ni tun rasuwar iyayena, kuma lambun nan na bakin kogi shi ne cinmu, shi ne sabuluna da kuɗin jirgina. Shi kuwa Baba Haruna, Bayahude ne guda ɗaya tilo da ya zauna a Gashua yana sayen ƙaro da fatu. Yakan ba ni dabino idan na kai masa albasa. Ya rasu da daminar bara waccan, ruwa ya yanke hanya, babu nasa ko ɗaya a kusa. Kaka ta ce a binne shi a gefen lambunta, gindin aduwar da yakan zauna.

Na kwanta ina tunanin ko alherin Kaka ne zai cinye mata lambu.

Alhamis, Nguru zuwa Jajimaji

Ana idar da sallar asuba muka tashi. Su takwas ne. Bakwai suka hau baya tare da dutsen da buhun siminti ɗaya. Ni aka sa ni gaba kusa da Kawu, tsohon nan kuma a bakin ƙofa. Sulaimanu sunansa, shi ne babbansu. Saurayin siriri shi ne Dauda, ɗan Baba Haruna, a Kano yake aiki.

Kafin mota ta tashi tsohon ya leƙa baya yana duban mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda idonsa ya sauka a kai sai ya faɗi kalma ɗaya a harshensu. Da ya kai kan na ƙarshe ya dafa ƙirjinsa ya faɗi ɗaya, sai ya tsaya kamar mai karatun da ya manta ƙarshen aya, ya girgiza kai. Na matsa jikin Kawu.

A bakin gari akwai shinge. Ɗan doka ya zagaya mota, ya ƙwanƙwasa buhun da kulkinsa.

"Gishiri ne?"

"Dutse ne," in ji Yakubu daga sama. Hausarsa tas take.

"Dutse? Tun daga ina?"

"Kano."

"Ikon Allah. Ku kuwa duk kun rufe kantuna, kasuwa ta ƙare ne?"

"Ziyara za mu, sarkin hanya."

Ya ɗaga mana itacen, amma da ya zo ta wajen Kawu ya sassauta murya. "Direba, ran da ka ga masu kanti sun daina gasa sun shiga mota ɗaya, talaka ya ƙara ɗaure wandonsa."

Kawu ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Daga Nguru zuwa Gashua wajen mil arba'in ne, mai sa'a yakan yi shi a yini ɗaya. Mu ba mu yi sa'a ba. Da hantsi mota ta nutse a rairayi har gindi. Kowa ya sauko, aka sari kaba aka shimfiɗa ƙarƙashin tayoyi, aka yi ta turi. Rana kuwa irin ta bazara, ko inuwar mota zafi take.

A wajen turin ne wani abu ya faɗo daga aljihun Dauda. Ya saki mota ya durƙusa yana tonon rairayi da hannu biyu kamar wanda ya yar da zinariya. Da ya samo, sai na ga tsakuwa ce, ja, ba ta fi goro ba. Ya hure ta ya mayar. Daga nan na fara duban aljihunansu. Kowane da ɗan ƙullutu a ciki. Tsoho Sulaimanu ma tun safe hannunsa yana aljihu yana juya wani abu, ashe ita ce, tasa baƙa.

Ku na Kano ba za ku ga abin mamaki ba. A ƙasarmu babu dutse. Ko kare za ka jefa sai ka nemi hoge. Dutsen niƙa ma gadonsa ake yi. Sai na ce a raina, babba na tsakiya, ƙanana na iyaka. In kuwa ba iyaka ba ne, to asiri ne.

Sau biyu muka ƙara kafewa. Rana na faɗuwa muka shiga Jajimaji, aka sauke mu a zango. Wata mata ta kawo fura da nono, kwano kwabo biyu, mai tsire kuma ya matso da farantinsa. Ba wanda ya taɓa tsiren a cikinsu. Mai kifi ta zo, Yakubu ya ɗauki tarwaɗa ya juya ya ajiye, ya ɗauki karfasa ya shafa bayanta da farce, da ya ji ɓawo sai ya saya. Duk haka suka yi. Mai tsire ya ce da Kawu, yana kallonsu, "Wanda ya ƙi cin namanka, akwai abin da yake shirya maka."

"Ko dai naman naka ne ya kwana uku," in ji Kawu.

Ana haka sai ga raƙumi daga arewa, da wani gajeren mutum a kai, rana ta ƙona shi har ya fi ni duhu. Daga Gure yake, ƙasar Faransa. Suka taso suka rungume shi. Tsoho ya sake jera kalmominsa, na kasa kunne. Sun ƙaru da ɗaya. Duk da haka ya tsaya ya girgiza kai.

Bayan sun ci abinci gardama ta kaure tsakaninsu da Larabci, kowa yana ɗaga hannu. Kalma uku kawai na tsinta domin sun yi ta maimaita su: mota, Gashua, hakimi. Na tambayi Kawu me suke cewa. Ya ce, "Larabcina na salla ne da na ciniki. Wannan na faɗa ne, ban iya ba."

Juma'a, Gashua

Muka isa kafin a tafi masallaci. Tun daga kasuwa yara suka bi motar. Labari ya riga mu zuwa. Mai dukan guga a bakin rijiya ya ce Yahudawa sun sayi bakin kogi za su gina sito. Wata ta ce a'a, zinariyar da Haruna ya binne suka zo tonewa.

Ban sami Kaka a gida ba, sai a lambu. Tana zaune a kan bakin kwali, wato fangalin shuka, kusa da jigo, fartanya a cinya, ba aiki take yi ba. Turakun suna nan yadda Inna Zara ta faɗa. Sun taso daga wajen gari, sun ratsa albasa, sun bi ta kan ɗan tudun kabarin Baba Haruna, sun gangara kogi. Ɗaya daga cikinsu an kafa shi daidai tsakiyar kwalin tumatir, ya fasa guda biyu.

"Wushe, Malama," ta ce, sannu ke nan a harshenmu. Haka take kirana tun da na shiga makaranta. "Kin zo da su ke nan? A gaba ma aka ce aka zaunar da ke, kamar amarya."

"Kaka, su ne suka kafa waɗannan?"

"Wasu masu gajeren wando ne suka zo da sarƙa. Na ce me ke nan, suka ce aikin hukuma. Amma masu gajeren wando ai aiken su ake yi. Wa ya aike su?" Ta nuna kabarin da haɓa. "Na ba shi wurin kwanciya ne, ban ba danginsa wurin zama ba."

Na gaya mata zancen tsakuwoyi. Sai ta ce, "Ki buɗe ido. Ke ba ki magana, mutane ba sa ganinki."

Da la'asar na same su duka tara a bakin mashigi, suna kallon ƙetare. Suna duban ruwa, suna duban rana. Tsoho ya kasa zama. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa kan itatuwa, sai ga kwalekwale da wani ƙato a ciki, ya rungume jaka. Na Fataskum ne. Bai jira an kai gaɓa ba, ya diro cikin ruwa da takalmansa. Tsoho ya jera kalmominsa, wannan karon bai tsaya ba, ya kai ƙarshe, muryarsa ta sauka kamar ta wanda ya ajiye kaya. Sai suka kwasa da gudu, manya da gemu, har da shi, suka shige tsohon kantin Baba Haruna suka rufe ƙofa.

Kawu yana wanke mota ya ga yadda na tsaya. Ya ce, "Ba sa ƙirga mutum da yatsa kamar awaki, shi ya sa yake yi da addu'a, kowa kalma ɗaya. Kuma addu'ar mamacinsu ba ta yiwuwa sai sun cika goma. Yau suka cika."

"Gudun fa?"

"Asabar ɗinsu ta shiga. Daga yanzu ko ashana ba za su ƙyasta ba sai gobe."

Na ji wannan, amma na tuna a wajen hakimi ma mai shaidu goma ya fi mai ɗaya.

Asabar

Ba su fito ba. Babu hayaƙi, babu ciniki. Mutane suka yi ta wucewa ta ƙofar kantin ba don suna da wurin zuwa ba. Kaka ta ɗora mini tulu ta ce in kai musu ruwa in ga abin da suke ƙullawa.

Dauda ne ya buɗe. Suna zaune a kan tabarmi, kowa ya yafa farin mayafi mai baƙaƙen layuka, suna rera wani abu a hankali suna rangaji. Dutsen yana jingine a bango, an kwance buhun. Ma'aunin Baba Haruna yana nan a rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a kwanonsa.

"Ke ce jikar mai lambu?" in ji Dauda. "Babana ya sha ambaton wata yarinya da ba ta magana sai kallo."

Na ajiye tulun na fito da sauri. Kaka ta ce me na gani, na ce waƙa suke yi. Ta ce, "Uhm. Kura ma takan yi."

Lahadi, ƙofar hakimi

Da hantsi aka aiko a kira Kaka. Na bi ta na raɓe a bayanta. Rabin gari yana wurin. Su goma suka zauna a jere a gefe ɗaya, sun tuɓe takalma. A ɗaya gefen ga babban masu gajeren wando, mai awon hanya.

Shi hakimi ya fara tambaya, ya ce turakun na mene ne, mutane su ji. Mai awo ya ce hanyar mota za a fitar zuwa mashigi, kuma nan ne miƙaƙƙe. Ya ce shi bai san da kabari ba, tudu ya gani kamar kowane tudu.

Aka yi ta kallon-kallo. Mai dukan guga ya sunkuyar da kai. Ashe turakun ba nasu ba ne.

Sannan Yakubu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, mu kaɗan ne a ƙasar nan. Ɗaya a Hadeja, ɗaya a Fataskum, biyu a Nguru, kamar giginya a tudu, kowace tana hango 'yar'uwarta daga nesa. A kasuwa ba ma raga wa juna, kowa ya sani. Amma da Dauda ya ji hanya za ta bi ta kan ubansa, in ya zo shi kaɗai kukan yaro ɗaya ne. Shi ya sa ya aiko mini, na aika Hadeja, Hadeja ta aika gaba, har saƙo ya kai Gure. A addininmu ba a tayar da wanda ya kwanta. Muna roƙo a karkata hanyar ta bi tudu, ta bayan aduwa."

Mai awo ya ce ta tudu ta fi tsawo, kuma rairayi ne, sai an yi ciko da marmara daga nesa, motocinsa ba za su isa ba.

Sai suka fara tashi ɗaya ɗaya. Kowa ya faɗi garinsa ya ce motarsa tana nan har a gama ciko. Na Gure ya ce shi ba shi da mota, amma yana da raƙuma. Da aka zo kan ƙaton Fataskum sai ya tsaya yana sosa ƙeya, yana cewa tasa tana da ciwon taya, ga kuma fatu suna jiransa. Tsoho Sulaimanu ya juyo ya zuba masa ido.

"To, tawa ma," in ji ƙaton. "Ta warke."

Wuri ya ɗauki dariya har hakimi. A nan na gane abin da aka yi wa gardama a Jajimaji.

Hakimi ya juyo wajen Kaka. "Iya, ke ce mai wuri. Me kika ce?"

Kaka ba ta yi dariya ba tun farko. Ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, Haruna maƙwabcina ne, bai taɓa tauye mini mudu ba. Da ya mutu na ce ƙasa ba ta ƙin kowa. Su karkata hanya, na gode. Amma turakun nan da dutsen can, ni duk ɗaya ne a wurina. Wannan zai ci lambuna bana, wancan zai ci shi wata shekara."

Yakubu ya ce, "Iya, wallahi sunansa ne kawai a jiki, da sunan ubansa."

"Haka ka ce, ɗana. Wa ya iya karantawa a garin nan ya gaya mini?"

Hakimi ya yi shawara da mai awo, sannan ya yanke: hanya za ta bi bayan aduwa muddin motocin sun zo, kabari ya zauna, dutse kuma kada ya wuce tsawon mai shi. Lambu na Kaka ne, kowa shaida ne. Aka yi fatiha aka tashi.

A hanya na ce, "Kaka, ai an ce naki ne."

"An ce. Hakimi zai mutu, ni zan mutu, shaidun nan duk za su mutu. Dutse ba ya mutuwa. Ranar da jikanki zai tsaya a nan, wa zai yi magana? Wanda aka rubuta."

Lahadi da yamma, lambu

Mai awo da kansa ya zo ya tuge turakun. Kawu ya kawo dutsen a mota har inda hanya ta ƙare, su goma suka ɗauko shi a hannu, suna bin bakin kwali a hankali. Na lura ko ganyen albasa ɗaya ba su taka ba, sai ƙaton Fataskum da ya zame ya danne guda, ya tsaya ya miƙar da ita da yatsa.

Na Hadeja ne maginin cikinsu. Ya kwaɓa siminti da rairayin kogi, da ruwan jigon Kaka, ya yi ɗan dandamali, aka tsayar da dutsen a kai. Ta baya ya shafe gindin da siminti ya lailaye shi da cokalin gini har ya yi santsi kamar allon da aka wanke.

Suka tsaya suka fuskanci gabas kamar mu. Dauda ya fara karatu, yana tsayawa suna amsa masa. Kalma ɗaya na gane a ciki, amin. Matan da suka zo kallon tonon zinariya suka yi tsit. Wata ma na ji ta ce amin ɗin a hankali, sannan ta dubi gefe ko an ji ta.

Da suka gama kowa ya sa hannu a aljihu. Na ce yanzu za su watsu kusurwoyin lambu. Sai na ga Dauda ya ɗora jar tsakuwarsa a kan dutsen. Tsoho ya ɗora baƙar tasa. Haka ɗaya bayan ɗaya, fara, ja, mai ruwan toka, duk a wuri ɗaya, ba su cika tafin hannu biyu ba.

Kawu ya tambayi abin da na kasa tambaya. "Dauda, wannan fa?"

"Alama ce an zo. Babana ya sha gaya mana ƙasarku ba dutse, sai kowa ya taho da na garinsa." Ya share fuska. "Wanda ya wuce zai san ba shi kaɗai ba ne."

Nan tafiyata ta ƙare, domin Gashua gida ne. Na gode wa Allah da Ya kai mu lafiya, na gode wa Kawu Modu da motarsa mai son rairayi, da Inna Zara da ta ciyar da ni ko da ta hana ni barci. Su ma baƙin na gode musu, domin ba don taruwarsu ba da yanzu mota tana bi ta kan albasar Kaka.

Sai dai Kaka tana tsaye a gindin jigo, ta harɗe hannu a baya, idonta a kan ƙananan ƙofofin nan da ba ta iya buɗewa. Ban ga laifinta ba. Na yarda sunansa ne kawai a jiki, amma nasa ne kaɗai.

Sun fara komawa wajen mota. Na Hadeja yana wanke cokalinsa. Na zagaya bayan dutsen na taɓa gefen simintin. Da sauran danshi, amma bakin ya fara fari. Tsoho Sulaimanu ne kawai ya rage, yana tsaye ya dafa dutsen yadda na fara ganinsa a tasha. Kwana biyu muna tafe kafaɗa da kafaɗa ban ce masa ko sannu ba. Na durƙusa a gabansa, na ji muryata ta fito ƙarama kamar ta wata.

"Baba, ku kun rubuta naku. Don Allah ka bar ni in rubuta sunan Kaka a nan baya da ajami, in sa lambunta ne, yadda kowane ɗan garin nan zai karanta. Da yatsana ma zan yi. Ka ce to, kafin ya bushe."